Gidan da Rashin Kuɗi Ya Tsare

A garin Dedham na jihar Masachusets, kudu maso yamma da Boston, akwai wani gidan katako a bakin titin East Street wanda mai wucewa zai iya ɗauka mantawa aka yi ba a rushe shi ba. Rufinsa ya lotsa, tagoginsa ba su daidaita da juna ba, ta baya kuma rufin ya gangaro har ya kusa taɓa ƙasa. Sunansa Gidan Fairbanks. An gina shi tsakanin 1637 da 1641, kuma cikin gidajen da aka kafa a kan ƙwarangwal ɗin katako a Arewacin Amurka, shi ne mafi tsufa da bincike ya tabbatar da shekarunsa wanda ke tsaye har yau. Zuriya takwas ta iyali ɗaya ta zauna a cikinsa, har zuwa 1904. Masu gidan ba su taɓa ja masa ruwan famfo ko wutar lantarki ba.

Dubban gidaje irinsa aka gina a wannan yanki a ƙarni na 17, kuma kusan duka sun tafi. Wasu gobara ta cinye, wasu masu su suka rushe don su gina na zamani, wasu kuma suna nan amma an sake musu kama har ba a gane su. Me ya sa wannan ya tsira? Amsar da aka fi son ji ita ce iyalin sun san darajar gadonsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma idan aka bi tarihin daki-daki za a ga cewa a lokacin da ya fi muhimmanci, abin da ya tsare gidan shi ne masu shi ba su da halin taɓa shi.

Jonathan Fairbanks da matarsa Grace mutanen yankin Halifax ne a Yokshaya, arewacin Ingila, inda suka yi aure a 1617. Suna cikin mutum kusan 20,000 da suka tsallaka teku zuwa Sabuwar Ingila tsakanin 1630 da 1640, akasarinsu 'yan Furitan da ba sa ga maciji da cocin gwamnatin Ingila. An kafa Dedham a 1636. Waɗanda suka kafa shi sun so su raɗa masa suna mai ma'anar wadatar zuci, hukumar mulkin mallaka ta ce a'a, ta ba shi sunan wani gari na gundumar Eses. Ba kowa ake bari ya zauna ba: sai an tantance mutum, ya sa hannu a kan yarjejeniyar gari, sannan a yanka masa fili. An karɓi Jonathan a 1637, aka ba shi eka 12 kamar yadda ake ba kowane magidanci. Sana'arsa sassaƙar keken kaɗi, wato na'urar da mata ke kaɗa zare da ita, ga kuma noma. Da alama mutum ne mai taurin kai a kan abin da ya yi imani da shi, domin sai a 1646 ya yarda ya shiga cocin garin. Shi da Grace suna da 'ya'ya shida.

Filin da aka yanka masa ba daji ne marar mai shi ba. Ƙasar mutanen Masachuset ce, ƙabilar da jihar ta ari sunanta, waɗanda annoba ta yi wa mummunar ɓarna tsakanin 1616 da 1619, agana kuma ta sake bi ta kansu a 1633. Lokacin da mai wa'azi John Eliot ya kafa garin Natick a 1651 don 'yan asalin ƙasar da suka karɓi Kiristanci, mutanen Dedham sun yi shekaru suna shari'a a kan cewa filin nasu ne, har aka ba su diyyar eka 8,000 can yamma, inda garin Deerfield yake yanzu, wadda ita ma ƙasar wasu ce. A yaƙin da ake kira na Sarki Filib, tsakanin 1675 da 1676, an kashe Jonas, ɗaya daga cikin 'ya'yan Jonathan, a harin da aka kai garin Lancaster. Duk wanda zai ba da labarin gidan ya tsallake wannan babi, rabin labari ya bayar. Haka nan kalmar "mafi tsufa" tana bukatar linzami. A Taos da Akoma na jihar Niyu Meksiko akwai gidajen ƙasa da na dutse da 'yan asalin nahiyar ke zaune a cikinsu tun ɗaruruwan shekaru kafin wani Bature ya sari itace a Dedham. Fifikon Gidan Fairbanks a cikin ajinsa ne kawai.

Amma ajin nasa abin kallo ne. Gidan farko ba shi da girma: ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama, da ƙaton bututun hayaƙi na jan bulo a tsakiya wanda murhun ɗakunan ke jingine da shi. Ɗaki ɗaya na ƙasa shi ne na girki da ci da aikin yau da kullum, ɗayan kuma na kayan daraja, inda maigida da uwargida ke kwana. Nauyin ginin duka yana kan manyan gungumen itacen oak da aka sassaƙe da gatari da gizago. Bango bai ɗauki komai ba, rufa jiki ne kawai. Yadda ake haɗa gungumen kuwa, kafinta zai fafe rami mai kusurwa huɗu a jikin ɗaya, ya sassaƙe bakin ɗayan ya zama harshe, ya zura harshen cikin ramin, sannan ya buga turken itace ya ratsa su biyun. Dabarar tana wajen huda. Hudar da ke jikin harshen ana ɗan gusar da ita kaɗan, ba ta yin daidai da ta jikin ramin, don haka idan aka buga turken sai ya jawo gungumen biyu su rungumi juna ƙam. Ɗanyen itace ake aiki da shi, domin oak in ya bushe yana cin bakin ƙarfe. Ana yanka komai a ƙasa, a gwada, a zana wa kowace mahaɗa lamba don kada a rikita, ranar ɗagawa kuma maƙwabta su taru su tayar da shi. Ƙusa a lokacin maƙeri ke ƙera ta ɗaya-ɗaya, ga tsada, saboda haka a kan allunan bango da na daɓe ake kashe ta.

Tsakanin ginshiƙan, an saƙa tsumagu an yaɓe su da laka, kamar yadda ake yi a ƙauyukan Ingila. Sai dai hunturun Masachusets ba irin na Ingila ba ne, yaɓe tsirara ba ya jure masa, don haka aka lulluɓe waje da siraran alluna masu hawa kan juna. Wani ɓangare na wannan yaɓe na asali yana nan a gidan, kuma samun irinsa a Amurka sai an tona. Abbott Lowell Cummings, masanin da ya wallafa babban littafi a kan gidajen katako na yankin a 1979, ya kuma rubuta wani a kan wannan gida shi kaɗai a 2002, ya nuna cewa salon aikin ya fi kama da na kafintocin gabashin Ingila, inda yawancin mutanen Dedham suka fito, duk da cewa mai gidan ɗan arewa ne. Ashe ƙwarangwal ɗin gida yana iya faɗin garin kafintan da takarda ba ta riƙe sunansa ba.

Jonathan ya rasu a 1668, ya bar wa babban ɗansa John gidan a wasiyya. Wannan ƙaramin abu ne a takarda, amma duk wanda ya ga yadda gidan gado ke ƙarewa a Kano ko Zariya, inda magada goma sha za su ce a sa masa kuɗi a raba, mai saye kuma ya kawo katafila ya zuba shaguna, ya san nauyinsa. Dokar Masachusets ta 1641 ita ma rabo ta tanada: in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, 'ya'ya su raba, babban ɗa ya ɗauki kaso biyu. Abin da ya sa gidan bai watse ba shi ne a kowace zuriya ana samun wanda ya zauna, sauran su tafi neman nasu. Kuma sun tafi da nisa. Thaddeus Fairbanks, wanda ya ƙirƙiro babban sikelin awon kaya a jihar Bamont wajen 1830, jinin gidan ne. Haka Charles W. Fairbanks, mataimakin shugaban Amurka daga 1905 zuwa 1909, wanda birnin Fairbanks na Alaska ya ci sunansa.

Waɗanda suka zauna kuwa ba su ɗauki gidan a matsayin kayan tarihi ba. Wurin kwana ne, in ya yi kaɗan a ƙara. An jingina masa rumfa mai gangaren rufi ta baya don kaɗa madara da ajiya. A ƙarshen ƙarni na 18 aka yi masa fiffike ta gabas da ta yamma, aka sauya tagogi, aka shafe wasu bangaye. Wasu sun cusa tsofaffin takalma a lungunan bango, wasu sun zana alamu a jikin katakon murhu, al'adar da suka zo da ita daga Ingila don korar mayu da gobara, abin da ke nuna cewa tsananin addinin Furitan bai kori camfi ba. Da tafiyar ta ci gaba a haka, da a ƙarni na 19 an yi wa gidan abin da aka yi wa 'yan'uwansa: a fasa ƙaton bututun hayaƙin a samu fili, a ɗaga silin, a buɗe manyan tagogi, ko a rushe gaba ɗaya. A shekarun 1830 wata sabuwar hanyar gini ta ɓullo daga Shikago, wadda ke amfani da siraran katako na inji da ƙusa mai arha, mutum biyu ko uku su tayar da gida ba tare da gwanin kafinta ba. Daga nan tsohon salo ya zama abin kunya ga mai hali.

Sai ga 1801. A watan Mayu na shekarar aka tsinci wata budurwa 'yar shekara 18, Elizabeth Fales, da raunukan wuƙa a wani fili kusa da gidansu, ba ta jima ba ta cika. Jason Fairbanks, saurayinta kuma ɗan wannan gida, ya bayyana jina-jina da raunuka a jikinsa, ya ce ita ta kashe kanta, shi ma ya yi yunƙurin bin ta. Iyalin suka ɗauki manyan lauyoyin Boston, ciki har da Harrison Gray Otis. Kotu ta same shi da laifi. Aka fasa gidan yari aka fitar da shi, aka kamo shi a jihar Niyu Yok a kan hanyarsa ta zuwa Kanada, aka rataye shi a Dedham ranar 10 ga Satumba a gaban dubban 'yan kallo. Yayansa Ebenezer ya buga littafi don wanke shi. Masu rubuta tarihin gidan suna danganta karayar arzikin iyalin da wannan shari'a da abin da ya biyo bayanta, kuma abin da ba a jayayya a kansa shi ne daga wannan lokaci manyan gine-gine suka tsaya. Gidan ya koma hannun 'yan'uwa mata uku da ba su yi aure ba, Prudence da Sarah da Nancy, suka tsufa a ciki da abin da suka tarar. Da Nancy ta rasu a 1879 sai ya faɗa hannun 'yar ɗan'uwansu, Rebecca.

Ba na son a ɗauka ina yabon talauci. Matan nan sun sha sanyi a ɗakunan da iska ke shiga ta ko'ina, suna ɗibar ruwa a rijiya lokacin da maƙwabta ke murɗa famfo, kuma Rebecca ta sayar da wasu kayan gidan ga masu tara tsofaffin kaya don ta rufa wa kanta asiri. Abin da nake cewa shi ne shekaru ɗari da suka fi kowane lokaci haɗari ga tsohon gida a Amurka sun wuce ta kan wannan gida yana hannun mutanen da iyakar ƙarfinsu su toshe yoyo.

A 1895 Rebecca ta sayar da shi, aka fara maganar rushewa. Amma zamani ya riga ya juya. Rushe gidan John Hancock a Boston a 1863 ya bar wa mutane takaici, bikin cikar Amurka shekara 100 da 'yanci a 1876 kuma ya tayar da ƙishirwar duk wani abu na zamanin kakanni. Wata attajira ta Boston, matar J. Amory Codman, da 'yarta Martha suka sayi gidan a 1897, suka bar Rebecca ta ci gaba da zama. Zuriyar Jonathan da Grace, da suka bazu a faɗin ƙasar, suka kafa ƙungiya mai suna Fairbanks Family in America, ta karɓi gidan a 1904, aka buɗe shi ga masu ziyara. Har yau ita ke riƙe da shi, kuma duk shekara dangi na taruwa a harabarsa. Ya kamata a faɗa cewa wannan ƙaunar tsofaffin gidaje ba ta rasa siyasa ba. Lokacin ne baƙi daga Ayalan da Italiya da gabashin Turai ke kwarara Boston, tsofaffin iyalai masu jinin Ingila kuma suna neman abin da za su nuna su ce mu ne 'yan gari. Ƙungiyoyin zuriya sun yi ta tsiro a shekarun 1890, kuma gidan kaka hujja ce da ake iya taɓawa da hannu.

A nan ne gidan ya tsallake rijiya ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko zurfi. Masu ceton gidaje na wancan zamani ba su tsaya ga ceto ba, suna so su mayar da gida yadda suke zaton yake a asali. Dubi gidan Paul Revere a Boston, wanda aka gina wajen 1680. Revere ya mallake shi daga 1770 zuwa 1800, bayansa kuma ya zama gidan haya na baƙin haure, da shaguna a ƙasa. Da aka gyara shi tsakanin 1907 da 1908 ƙarƙashin mai zanen gini Joseph Chandler, aka cire hawa na uku da aka ƙara masa ta gaba, aka sa masa tagogi irin na ƙarni na 17. Sakamakon shi ne gida mai kyan gani wanda Revere kansa, mutumin da aka yi aikin dominsa, bai taɓa zama a cikin irinsa ba, sawun iyalan da suka yi haya kuma aka share shi. A Salem abin ya fi haka. Gidan da John Turner ya gina a 1668, wanda ya shahara saboda littafin Nathaniel Hawthorne na 1851, an gyara shi tsakanin 1908 da 1910 har da ƙara masa ɗan shago don ya dace da abin da ke cikin ƙagaggen labari. Caroline Emmerton, wadda ta biya kuɗin, niyyarta alheri ce, domin da kuɗin shiga take tallafa wa baƙin haure. Amma mai bincike na yau sai ya fara tantance me kafintan 1668 ya yi, me na 1909 ya yi, kafin ya ce uffan.

Ba a yi wa Gidan Fairbanks irin wannan tiyata ba. Ba a cire fikafikan da aka ƙara ba, ba a miƙe rufin ba, ba a zaɓi shekara guda an ce ita ce ta gaskiya ba. An gina wa mai kula da shi wani ƙaramin gida a gefe, don haka bukatar banɗaki da kicin na zamani ba ta taso a cikin tsohon ba. Ko dangin sun yi haka don hangen nesa ko don asusunsu bai kai ba, abin da suka yi ya zo daidai da ra'ayin da daga baya ya yi rinjaye. William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila a 1877 a kan cewa a riƙa kula da gini kullum maimakon a yi masa kwaskwarima. William Sumner Appleton, wanda ya kafa irinta a Boston a 1910, ya karkata ga barin shaida a inda take. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta ce a mutunta gudummawar kowane zamani a jikin gini, kuma gyara ya tsaya a inda zato ya fara.

Ribar wannan kamewa ta fito fili lokacin da kimiyya ta iso. An daɗe ana buga 1636 a katunan hoto da littattafan yawon buɗe ido a matsayin shekarar gina gidan. A farkon shekarun 2000 aka gwada katakonsa da ilimin zoben itace, wanda masanin taurari A. E. Douglass ya assasa a Arizona. Kowace shekara itace na ƙara zobe ɗaya, mai kauri a shekarar ni'ima, siriri a shekarar wahala, kuma itatuwan yanki ɗaya suna ɗauke da jeri iri ɗaya. Mai bincike yana neman gungumen da gatari bai taɓa gefensa ba, inda zoben ƙarshe na ƙarƙashin ɓawo yake nan. Sai ya huda shi da wani bututun ƙarfe, ya zaro ɗan sanda mai kaurin yatsa, ya goge shi sumul, ya auna kowane zobe a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya jera awon kusa da na itatuwan da aka san shekarunsu har su yi daidai. Zoben ƙarshe shi ne shekarar da aka sare itacen, kuma tun da ɗanye ake aiki da shi, ginin bai yi nisa da ita ba. Katakon Gidan Fairbanks ya nuna 1637 zuwa 1641. Shekarar da dangi ke alfahari da ita ta faɗi, amma matsayin gidan ya tabbata. Wasu ba su yi wannan sa'a ba. Gidan Balch na garin Beverly, wanda shi ma ake cewa na 1636 ne, gwajin ya mayar da shi wajen 1679. Da a ce an maye gungumen Dedham da sababbi a 1908, da babu abin da za a huda.

Barin gida yadda yake ba ya nufin naɗe hannu, kuma a nan masu sha'awar tsohon abu daga nesa kan yi kuskure. Babban maƙiyin gidan katako ruwa ne. Yana shiga ta rufi, ta gefen bututun hayaƙi, ko ya taso daga ƙasa ya kama gungumen da ke kwance a kan harsashi, wanda duk ginshiƙai ke tsaye a kansa. In wannan ya ruɓe, gini ya fara durƙusawa ta gefe ɗaya, mahaɗai su buɗe. Danshi kuma shi ke gayyato ƙwaron da ke huda katako, wanda ba a ganinsa sai dai a wayi gari a ga ƙananan huda da garin itace mai laushi a ƙasa. Gyaran da ake yarda da shi yanzu shi ne a yanke iya wurin da ya ruɓe, a sassaƙa sabon itace irinsa a dasa, a bar sauran, a kuma rubuta abin da aka yi don na baya su sani. An yi yayin cika ruɓaɓɓen katako da wani irin gam mai ƙarfi a shekarun 1970, daga baya masana suka fara ɗari-ɗari da shi, saboda yana iya tsare danshi a ciki, kuma in an zuba ba ya cirowa. Ko ɗumama gida na iya zama illa, domin busasshiyar iska tana sa tsohon katako ya tsage, fenti ya ɓare. Gidan Fairbanks a rufe yake ga masu ziyara a lokacin hunturu. Akwai kuma haɗarin da kafintan farko bai taɓa mafarkinsa ba: a shekarun 1960 mota ta kwace ta afka wa fiffikensa na gabas, wasu kuma suka yi yunƙurin cinna masa wuta.

Tambayar da ba ta da amsa ɗaya ita ce, in ana ta sauya ruɓaɓɓe da sabo, yaushe gida ke daina zama shi? Allunan rufi ba sa wuce 'yan shekaru goma-goma, na yanzu ba su ne na Jonathan ba, kuma babu mai cewa an yi ha'inci. Japanawa suna sake gina wurin ibadar Ise duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, domin a wurinsu ilimin ginin ne abin gado, kuma takardar Nara ta 1994 ta amince cewa al'ummomi sun bambanta a kan abin da suke kira na asali. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma ba na ganin ta shafi Dedham sosai. Ilimin ginin katako bai mutu ba, an ma farfaɗo da shi a Amurka tun shekarun 1970, kuma kafinta mai kuɗi a hannu zai iya tayar da kwafin gidan cikin 'yan watanni. Abin da ba zai iya ba shi ne samar da yaɓen 1640 ko sawun gizagon wanda ya yi shi. A wannan gida kayan ne shaidar, don haka kowane gungume da aka cire shafi ne aka yage, ko da dole ce ta sa.

Mutane da yawa suna zaton doka ce ke tsare irin wannan wuri. A 1960 gwamnatin tarayya ta sanya gidan cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa, dokar adana kayan tarihi ta 1966 kuma ta kafa rajistar da yake ciki. Amma wannan lamba a Amurka ba ta hana mai gida rushe kayansa in da kuɗinsa zai yi. Tana tilasta wa hukumomin tarayya ne su duba illar ayyukansu, tana kuma buɗe ƙofar neman tallafi. Kariya mai haƙori tana zuwa daga dokokin ƙananan hukumomi, ko daga yarjejeniyar da mai gida zai sa hannu ya ɗaure kansa da duk wanda zai gaje shi. Kuɗin rufi da inshora da albashin mai kula kuwa suna fitowa daga kuɗin shiga, da gudummawar 'yan ƙungiya, da tallafin da aka yi sa'ar samu. Ƙananan gidajen tarihi sun yi yawa a Amurka, da dama suna kukan ƙarancin baƙi da tsufan masu aikin sa kai, har wasu ƙungiyoyi sun sayar da nasu ga masu zaman kansu bisa sharaɗin ba za a taɓa fasalinsu ba. Gidan Fairbanks yana da abin da yawancinsu ba su da shi, wato dubban mutane da ke iya bin salsalarsu har zuwa ɗakin girkinsa. Amma tazarar da ke tsakanin jikokin yau da Jonathan ta haura zuriya goma, yawancinsu ba sa amsa sunan, ba sa zaune a Masachusets, kuma duk lokacin da rufi ya isa sauyi su ake rubuta wa takardar neman gudummawa.